Kazar da Duniya Ta Saya wa Seu Otacílio

Tun da aka kafa garin Córrego Manso ba a taɓa yin mutumin da dukiyarsa ta kai ta Seu Otacílio Brandão faɗi ba. Yana da hannu a kamfanonin jiragen sama na ƙasashen da bai san sunan babban birninsu ba, da masana'antun magani a Turai, da bankuna a Japan, da wuraren haƙar ma'adinai a Ostareliya. Takarda ta ce kamfanoni dubu ɗaya da ɗari huɗu ne da 'yan kai. Rabonsa a mafi yawansu, da za a ciro a miƙa masa a hannu, zai iya sayen marfin biro. Har gobe a kan keke yake zuwa kasuwa, kuma birkin baya ba ya ci.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana awon kofi a rumbun ƙungiyar manoma, bai taɓa mallakar ko bishiya ɗaya ba. Aikinsa shi ne a ɗora buhu a sikeli, ya dubi allura, ya ɗaga murya ya faɗi nauyin don akawun da ke can ƙarshen rumbun ya ji ta cikin ƙarar injuna. Bai taɓa cika wa kowa rabin kilo ba, bai taɓa rage wa kowa ba, saboda haka kowa ya yarda da shi, ba wanda kuma ya damu ya gayyace shi cin abinci. Daga bayan sikelin nan ya ga abin da sanyi ke yi wa manomi. A shekarar da raɓa ta daskare a kan ganye, mutanen da suka saba zuwa da babbar mota sai suka riƙa zuwa da buhu biyu a bayan babur, suna gaishe shi da ladabin da ba su da shi a bara. Abin da ya ɗauka daga nan shi ne, duk wanda ya jingina rayuwarsa da tudu ɗaya, to dare ɗaya ya ishe shi.

Mutum ne mai haƙuri da komai, ban da abu guda, kuma abin nan kaza ce.

A ranar Lahadin da ta fi kusa da bikin Waliyyi Antônio na sha uku ga Yuni, bayan an taso daga coci an zagaya gari da mutum-mutuminsa, ana yin gwanjo a rumfar dandali don gyaran rufin cocin, wanda ake gyarawa tun kafin a haifi Otacílio. Ana sayar da maruƙa, da kek, da kwalaben barasar rake, da gasassun kaji naɗe cikin leda mai ƙyalli. Kazar ƙarshe kullum ta matarsa ce, Dona Zulmira, mai yin cuku, wadda ke cusa mata soyayyen garin rogo da wani ganye da ta ƙi faɗa wa ko limamin cocin. A wannan gwanjon ba a taya kaya haka kawai. Mutum yakan faɗi kuɗi, ya faɗi dalili, dalilin kuma yawanci sunan wani ne.

Zulmira tana da ƙane, Genésio, mai bishiyar kofi dubu arba'in da tumbi daidai gwargwado. Shekara ashirin da biyu ke nan, da zarar an ɗaga kazar ƙarshe Otacílio ya taya, sai Genésio ya gyara hula ya ce, "Hamsin, don kada mijin yaya ya ci kazar matarsa." Otacílio ya ƙara biyar, Genésio ya ƙara ashirin. Otacílio ya san nauyin kaza, ya san kuɗin kilo, kuma akwai inda in tayi ya kai bakinsa ba ya iya buɗuwa. Genésio ya ɗauke kazar, ya kai teburinsa, can an jima ya aiko masa da wuya a naɗe cikin takardar goge baki, tare da gaisuwa.

"Kai ma ka daina biye masa mana, tsoho," Zulmira takan ce a hanyar gida. "Tun yana tsumma haka yake."

"Ban biye masa ba. Tayi na yi."

Da ya yi ritaya aka ba shi kuɗin sallama da kuɗin ƙasar, real dubu arba'in da biyar, sai ya gano cewa yana da masoya. Genésio ya ce ya sayi ɗan tudun da ke bayan gonarsa, shi zai duba masa. Nivaldo wanzami ya ce ya sayi dala ya zuba a gwangwanin madara, kamar yadda wani da ya sani ya yi, ko da yake kowa ya san wanin nan Nivaldo ne. Zulmira ta ce shanu biyu, ta kuma faɗi sunayen da za ta sa musu. Otacílio ya saurari kowa, sannan ya buga wa 'yarsa Marilza waya, wadda ke aikin lissafi a Belo Horizonte.

Marilza ta ce akwai wani irin asusun haɗaka da ba ya wahalar da kansa wajen zaɓe. Ba ya neman sanin wane kamfani ne zai yi kyau bana. Jerin manyan kamfanonin duniya yake ɗauka, ya sayi kaɗan daga kowanne gwargwadon girmansa, ya bi jerin nan sau da ƙafa. In duniya ta hau ya hau, in ta sauka ya sauka.

"Wato gauraye," in ji Otacílio. Wannan ya sani. A rumbu in aka haɗa kofin gonaki ɗari wuri ɗaya, sanyin da ya ƙone tudun wane ba ya lalata tulin. "Kuma suna raba riba?"

"Wasu suna rabawa, Baba. Ba yawa."

"A wane wata?"

Marilza ba ta gane nauyin tambayar ba a lokacin. Ta gane bayan mako biyu, da uwarta ta kira ta ta shaida mata abin da ya faru a shagon aski. Genésio ne ya fara, yana tambaya ko gaskiya ne mijin yaya ya ƙi tudu mai ƙasa ja don ya sayi iska a Japan. Otacílio, da kumfa a rabin fuska, ya ce iskar nan ce za ta saya masa kaza a gwanjo mai zuwa. Ba da fansho ba, ba da kuɗin cuku ba, ba kuma da uwar kuɗin ba. Da ribar da kamfanonin duniya za su aiko masa kaɗai, a kuɗin ƙasar nan, a hannunsa.

"Ka ji, Nivaldo?" in ji Genésio. "Ka riƙe mana. Turawa za su yi karo-karo su ciyar da mijin yaya."

"Na riƙe," in ji Nivaldo. "Seu Otacílio, daina motsi, zan yanke ka."

Daga ranar zaɓen asusu ya zama aikinsa na biyu, kuma ya fi na farko cin lokaci. Marilza ta aiko masa da bayanan guda uku, ya kai shagon takardu aka buga masa, ya shimfiɗa a teburin kicin ya danne kowanne da dutsen awo na rabin kilo. Zulmira ta koma yanka cuku a kan injin wanki.

Na farko ya sa masa suna Marowaci. Shi ne mafi arhar la'ada, amma ba ya ba kowa ko sentabo. Duk ribar da ta shigo, mayar da ita yake yi ciki ya ƙara sayen hannun jari.

"Shi ya fi, Baba," in ji Marilza. "Duk wanda ya iya lissafi shi zai ɗauka. In kana son kuɗi sai ka sayar da ɗan ɓangare."

"In na sayar, kuɗin wa ke nan?"

"Naka mana."

"To kin ji. Nawa ai ina da shi tun shekara ashirin da biyu. Nasu nake so."

"Baba, duk abu ɗaya ne a aljihu."

"A aljihu. Ba a aljihu ake gwanjo ba."

Na biyu ya kira shi Baƙo. Wannan yana raba riba, la'adarsa ma da sauƙi, amma da dala yake biya, cikin asusun banki a ƙasar waje. Sai an canza, a biya mai canzawa, a cike wa masu haraji takardu. Otacílio ya yi mako uku yana nazarinsa don adalci, ko da yake tun ranar farko ya yanke masa hukunci. A shekarunsa na farko a rumbu sau uku aka canza wa kuɗin ƙasar suna, ana yanke sifili ana buga sabuwar takarda, albashin safe bai sayi abin da ya saya jiya ba. Real ne kaɗai ya zo ya zauna, kuma Otacílio yana ganin girmansa kamar yadda ake ganin girman surukin da bai gudu ba. Ban da haka, Seu Deusdete mai gwanjo ba ya karɓar dala.

Na uku Ɗan Gida ne. A kasuwar hannun jarin ƙasar ake sayar da shi, yana karɓo riba daga ko'ina ya canza da kansa, ya zuba wa mutum real sau huɗu a shekara. La'adarsa ta kusa ninka ta Marowaci. Otacílio, wanda ya taɓa mayar da buhu sittin saboda danshi ya wuce ƙa'ida da ɗigo ɗaya, ya dubi la'adar nan, ya ji zafinta har cikin haƙori. Sannan ya dubi watannin biya: Maris, Yuni, Satumba, Disamba. Ya ja layi a ƙarƙashin Yuni, ya sa Marilza ta binciko masa ranakun da aka biya a shekarun baya. Duk sun faɗo kafin sha uku ga wata, ɗaya ma da kwana biyu kacal. Wata bakwai bayan ya fara, a cikin Afrilu, ya saya.

"Shi ke nan?" in ji Zulmira, tana leƙa wayar. "Ina abin?"

"Ga shi nan."

"Wannan ai lamba ce. Saniya da yanzu ta haihu."

A watan Mayu ne ya gano wani abu da ke rubuce a shafi na tara, wanda ya karanta sau da yawa bai ji shi a jiki ba. Ribar da dala da kuɗin wasu ƙasashe take tasowa, a ƙofa kawai ake sa mata rigar real. In real ya yi ƙarfi, abin da zai shigo masa ya ragu. A watan nan kuwa real ya tashi yi wa ƙasa hidima. Kullum da tsakar rana rediyo na shelar cewa dala ta sake sauka, mai shelar yana murna, Zulmira tana murna don garin alkama zai sauko, shi kuwa mutumin da ya ƙi Baƙo saboda kishin kuɗin ƙasarsa yana zaune da cokali a hannu, miya na hucewa. Ranar da aka yi wata hayaniya a majalisa dala ta ɗan ɗaga, an ji shi yana fito a bayan gida yana gyaran sarƙar keke. Ya je coci a makon, amma bai faɗa wa limami wannan ba, don bai san a wane babin zunubi zai sa shi ba.

A lissafinsa na Afrilu zai samu kusan ɗari uku da ashirin. Genésio bai taɓa wuce ɗari biyu da hamsin ba.

Mutanen wannan yanki ba sa faɗin abin da suke da shi. Mai shanu ɗari, in ka tambaye shi, cewa zai yi yana da 'yan ƙwari biyu-uku da ke cin ciyawar maƙwabta. Otacílio ya san wannan, ɗan garin ne, kuma ya ƙudura cewa ko Zulmira ba za ta ji adadin ba. Ranar Juma'a, saura kwana biyu biki, yana kan kujerar Nivaldo ana rage masa gashi, wayarsa ta yi ƙara. Ya zaro ta daga ƙarƙashin mayafin aski, ya nisanta ta da ido, ya ga lamba. Shekara talatin da huɗu, duk lambar da idonsa ya gani bakinsa ke miƙa wa akawu, kuma ba wanda ya sanar da bakin cewa an yi ritaya.

"Ɗari biyu da sittin da takwas, da arba'in!"

Muryar ta kai kantin magani da ke tsallaken titi. A bencin jira, wata jarida ta sauko a hankali, Genésio yana bayanta.

"Da arba'in," in ji shi. "Allah ya ƙara wa Japan albarka."

Marilza ta ce a waya ya ƙara ɗari daga fansho, wa zai sani. Ya ce shi zai sani. Zulmira kuwa tana fige kaza a bayan gida. Kafin a rufe banki a ranar ya je ya ciro kuɗin, ya nace sai an ba shi har sentabo arba'in ɗin, ya zuba a ambulan.

Lahadi rana ta fito sosai. An sayar da maruƙa, an sayar da wani kek sau uku don duk wanda ya saya mayarwa yake yi. Wajen ƙarfe biyu Seu Deusdete, wanda muryarsa ta riga ta dushe, ya ɗaga leda mai ƙyalli sama da kansa.

"Jama'a, ta Dona Zulmira ce. Ban ce komai ba. Hancinku ya faɗa muku."

Rumfar ta cika fiye da kowace shekara, don duk garin ya san lambar. Har limamin ya jawo kujera.

"Arba'in," in ji Otacílio.

"Tamanin," in ji Genésio, ya gyara hula, "don kada mijin yaya ya ci kazar matarsa."

"Tamanin da biyar."

"Ɗari da ashirin, don Turawa su huta."

"Da biyar."

"Ɗari da sittin. Yaya, ki ba shi ruwa, ya fara fari."

"Ka kula da tumbinka," in ji Zulmira daga wajen tukwane, "shi ne ya fara fita daga riga."

A ɗari da tamanin Otacílio ya wuce inda bakinsa ya saba tsayawa. Kazar ba ta fi kilo biyu da ɗari uku ba, ya auna ta da ido tun tana hannun Deusdete, kuma wani sashe na kansa yana ta raba kuɗi da nauyi yana kawo masa amsar da ba ya so. Ya ci gaba da ƙara biyar-biyar. Genésio ya rage gudu, ya koma goma-goma, yana ɗanɗana kowace kamar mai shan kofi mai zafi. Ɗari biyu da arba'in. Da biyar. Da hamsin da biyar. Da sittin.

"Ɗari biyu da sittin da biyar," in ji Genésio, "don in ji abin da duniya za ta ce."

Otacílio ya miƙe tsaye, ya fito da ambulan.

"Ɗari biyu da sittin da takwas da sentabo arba'in."

"Seu Otacílio," in ji Deusdete, "biyar-biyar muke hawa."

"Abin da suka aiko ke nan."

Deusdete ya dubi limami. Limami ya dubi rufin coci, ya ce waliyyi ba ya raina canji. Sai duk idanu suka koma kan Genésio, wanda kalma biyu kawai ta rage masa ya faɗa, kuma kowa ya san kuɗin suna aljihunsa. Ya cire hula, ya sosa kai, ya dubi yayarsa, wadda ta tsaya da ludayi a hannu tana kallonsa irin kallon da ta saba yi masa tun yana tsumma. Ya mayar da hular.

"Shekara ashirin da biyu ina biya don kada ka ci, mijin yaya," in ji shi. "Bana na duba, na ga ya fi mini arha in bar ka ka ci."

Deusdete ya buga guduma. Aka yi tafi, masu kiɗa suka busa wani abu da ba a shirya ba. Otacílio ya miƙa ambulan, ya jira aka ƙirga har sentabo, ya karɓi kazar da hannu biyu. Kilo biyu da ɗari uku ce, kamar yadda ya ce.

Wanda ya ci gwanjon kazar ƙarshe ba ya tafiya da ita gida. A teburinsa ake buɗe ta, duk wanda ya zo taya murna a yanka masa. Otacílio ya san wannan, sai dai bai taɓa ganinsa daga wannan gefen teburin ba. Limami ya zo, aka ba shi tsokar ƙirji. Nivaldo ya ce shi ne shaida, ya ɗauki cinya. Deusdete ya ce maƙogwaronsa. Matar mai kantin magani ta ce ba ta taɓa cin abin da Japan ta biya ba. Genésio ya jawo kujera ya zauna kusa da shi, ya zare ɗaya cinyar da kansa, ya ce gaskiya bana ta fi daɗi, wataƙila don ba kuɗinsa ba ne. Ya tambaya, a hankali yadda wasu ba za su ji ba, ko wannan asusun yana karɓar mai kofi, kuma me ake biya a Satumba. Otacílio ya fara yi masa bayanin Marowaci da Baƙo da Ɗan Gida, da shafi na tara, bayani mai tsawo kuma daidai. Da ya gama ya duba faranti, wuya ne ya rage.

Ya ci. Ya ce wa Marilza a waya daga baya cewa wuyan da mutum ya saya daban yake da wanda aka aiko masa, ita kuma ta ce in haka ne to la'adar ta biya kanta.

Da la'asar suka nufi gida, yana tura keke, Zulmira na riƙe da tire da ledar mai ƙyalli a ninke, don tana sake amfani da ita.

"Ka ƙoshi, mai duniya?"

"Na ci."

"Ban ce ka ci ba. Wanke hannu in mun isa."

Kaji biyu take gasawa duk shekara, tun shekarar farko. Wadda ta fi kitse ba ta zuwa dandali, tana cikin tanda a gida, kuma shi yake cinye ta.